Littafin Malam da Takardar Ƙosai

Ni ba mai saurin yafiya ba ce, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Mahaifiyata ta yi ta fama da ni a kai har ta gaji ta bar ni da halina. Saboda haka wanda zai karanta abin da zan faɗa kada ya sa ran zai tarar da nadama a ƙarshensa.

Mahaifina malamin firamare ne a Abaji, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Da ya rasu aka zo rabon gado, yayyena suna ta maganar gona da keke, ni kuwa na roƙa a bar mini littafi guda. Tsohon littafin labarai ne na Hausa, bugun farko, irin wanda aka karanta a makarantu tun kafin a haife ni, kamfanin da ya buga shi ma ya daɗe da rufewa. Bangonsa ya yi laushi saboda hannu. Malam da kansa ya ɗinke bayansa da baƙin zare, akwai kuma tabon goro a gefen wasu shafuka, don yana karatu yana tauna. Labarin ƙarshe shi ya fi so. Wani magatakarda ne ya aro takalmi don ya je tarbar baƙon gwamnati, takalmin ya matse shi, girman kai kuma ya hana shi cirewa. Duk sanda Malam ya iso shafin ƙarshe dariya take cin ƙarfinsa, ya yi ta tari yana share hawaye, mu kuma mu yi ta dariyar dariyarsa. Ban taɓa jin ya karanta wannan shafi ya kai ƙarshe lafiya ba.

Lokacin da gwamnati ta fara kwaso kayanta daga Legas zuwa sabon babban birni, ina da ɗan shagon littattafai a bakin tashar Jabi, ina kuma haya a Jikwoyi, inda talaka zai iya biya. Kullum da safe ina ganin manyan motoci sun shigo, an loda musu tebura da kabad da fayil-fayil ɗaure da igiya. Ma'aikata 'yan Arewa da suka daɗe a Kudu sun dawo da 'ya'yan da suke jin Hausa amma ba sa iya karanta ta. Wasunsu sukan tsaya a shagona su tambayi tsoffin littattafan da suka karanta suna yara, in ce babu, su tafi rai a ɓace. Wasu kuwa ba karatu ne ya kawo su ba, sabon ofis aka ba su mai kanta a bango, suna neman abin da za su cike ta. Akwai wanda ya aiko direbansa da igiya, wai tsawon kantar ke nan, in ba shi littattafai daidai da ita, kuma ya fi son masu jan bango saboda labule. Na auna na ba shi.

Masu tambayar nan ne suka sa na ƙudura zan sake buga littafin Malam. Haruffa manya, takarda mai kyau, bango mai jan ido don yaran zamani, amma ba za a taɓa kalma ɗaya ta ciki ba. Na yi tattaki har garin iyalan marubucin, suka karɓe ni hannu biyu, suka ce in je in yi, su ma sun daɗe ba su ga littafin kakansu ba.

A wannan tsakanin wani Darakta ya shigo shagon. Daga cikin masu dawowa daga Legas ne, ya yi ƙiba, ya yi haske, ƙamshin turarensa ya rigaye shi shigowa. Ni ban gane shi ba, shi ya gane ni. Ashe ɗalibin Malam ne, wanda yake zuwa gidanmu da ɗan wandonsa mai faci ya ci tuwo ya yi karatu a zaure. Ya kira ni 'yar Malam, ya yi wa Malam doguwar addu'a. Daɗi ya cika ni, na ɗauko littafin daga jakata na nuna masa, na zayyana masa duk shirina. Ya juya shi gaba da baya, bai buɗe ba, ya ce ai wannan aikin ma'aikatarsu ne, akwai kwamitin raya al'adu, in ba shi aro ya nuna musu, cikin sati zai dawo da shi da hannunsa. Na ba shi. Da wani ne ba zan bayar ba, amma wannan ya ci tuwon gidanmu.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Na fara zarya zuwa ofishinsa, mota biyu daga Jabi sannan ƙafa, a lokacin rabin garin ma jar ƙasa ce da ramuka. Yau yana taro, gobe ya tafi Legas kwaso sauran fayil, jibi sakatariya ta dube ni sama da ƙasa ta ce in dawo. Har damina ta shigo ban sa shi a ido ba.

Wani mai kawo mini takardun makaranta ne ya tsegunta mini cewa ya ga ana buga wani tsohon littafin Hausa a wata maɗaba'a da ke bayan tasha, da sunan wani babban mutum a bango. Na rufe shago na tafi. Mai maɗaba'ar mutumin Kudu ne, ba shi da mugunta, sai dai abin da aka ce ya yi shi yake yi. Shi ya bayyana mini yadda aikinsu yake. In za a sake buga tsohon littafi ba tare da an sake rubuta shi ba, sai a sa shi a injin yanka a datse bayansa, shafuka su warware, a ɗauki hoton kowanne a fim. Haka aka yi wa littafin Malam. An datse ɗinkin da ya yi da hannunsa. Darakta ya ba wani ma'aikacinsa ya tsince labaran da bai dace masu karatun zamani su gani ba, duk wanda ya taɓa ma'aikacin gwamnati ko ya yi ƙauyanci da yawa, aka ware su gefe ba a ɗauki hotonsu ba. Labarin magatakarda shi aka fara cirewa.

Na ce to ina shafukan, waɗanda aka ɗauka da waɗanda ba a ɗauka ba. Ya kalle ni da mamaki.

"Hajiya, oga ya ce tsohon takarda ne, ya gama aiki. Mu duk waste muna ba mata na tasha, suna naɗe kaya."

Ban san yadda na fito daga maɗaba'ar nan ba. Na bi masu sana'a a tasha ɗaya bayan ɗaya, mai gyaɗa, mai dafaffen ƙwai, mai tsire. A wajen wata mai ƙosai, 'yar asalin ƙauyukan nan ce, na ga abin da nake nema. Tana yaga shafi gida biyu tana zuba ƙosai, ga tabon goron Malam, man ƙosai ya fara cinye shi. Na durƙusa a gaban kaskonta ina kuka, babbar mace da ni, mutane suna kallo. Matar ta tsorata, ta ɗauka mutuwa aka yi mini. Da ta gane, ta zazzage buhun takardunta a ƙasa, ta bar ƙosanta yana ƙonewa ta taya ni tsinta, har ta ja ni wurin ƙawayenta tana ce musu su fito da nasu, takardar baban wannan ce. Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Na samu da yawa, wasu sun jiƙe da mai, wasu rabi. Labarin magatakarda ya haɗu duka, in ban da shafin ƙarshe. Wannan wani ya riga ya saya da ƙosansa ya shiga mota.

A ranar na daina kuka. Na goge shafukan da toka da tsumma, na danne su a ƙarƙashin katifa, na kuma sa a raina cewa sai mutumin nan ya ji kunya a gaban mutanen da yake jin kunyarsu. Ban san ta yaya ba. Na dai san ina da haƙurin jira, in dai a kan irin wannan ne.

Shi da kansa ya buɗe mini ƙofa. Da lokacin ƙaddamar da littafin ya matso sai ya aiko mota a ɗauke ni. Na tarar da shi a sabon ofis, sanyi kamar a cikin randa, kanta cike da littattafai masu tsawo ɗaya. Ya tarbe ni da fara'a, ko a jikinsa. Ya ce kada in damu da tsohon kwafin nan, ai ya riga ya mutu, shi ya raya shi, Malam ma da yana da rai zai yi alfahari. Labaran da aka cire kuwa, in ji shi, "too local ne, 'yar Malam, yanzu nan babban birni ne." Sannan ya yi mini alfarma: ni zan kula da teburin sayarwa a wurin taro, in samu na cefane, kuma tunda hannun mace ya fi iya ado, in naɗe kwafin musamman da babban baƙo zai buɗe. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko shi, bangon fata, sunansa da ruwan zinariya ya fi na marubucin girma. Ya ce tun da mai maɗaba'a ya kawo shi yake nuna wa duk wanda ya shigo ofis.

A cikin mota na buɗe. Fari fat, daga farko har ƙarshe. Masu bugu sukan haɗa samfur da farar takarda don mai aiki ya ga kaurin littafi da kyan bango kafin a buga na gaskiya, duk mai sayar da littafi ya san wannan. Shi kuwa ya karɓa ya ɗora a kanta, makonni yana shafa shi yana nuna wa baƙi, daga shi har baƙin babu wanda ya ɗaga bango. Na rufe shi a hankali na ɗora a cinyata. Direba ya tambaye ni ko lafiya nake murmushi, na ce lafiya ƙalau.

Na sayi takardar naɗi mafi tsada a Jabi, na ɗaure da jan ƙyalle, na yi masa ƙulli mai kyau wanda ban taɓa yi wa kayan biki ba. Saura abu ɗaya. Babban baƙon wani tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, sa'an Malam, yana cikin masu zuwa shagona su tambayi tsoffin littattafai su tafi rai a ɓace. Na kai masa gaisuwa gida. Ban kai ƙara ba, ban ambaci sunan kowa ba. Hira kawai muka yi, na tambaye shi ko yana tuna labarin magatakarda mai aron takalmi. Tsohon ya yi dariya har ya dafa ƙirji, ya ce ai saboda labarin nan kaɗai ya yarda zai je taron, kuma sai ya sa an karanta shi a gaban ma'aikata, ko za su ji a jikinsu. Na ce Allah ya kai mu.

Ranar taro zauren otal ya cika. Manyan riguna a gaba, masu ɗaukar hoto, har da na talabijin. Ni ina can baya da teburina, kwalaye a ɗaure da igiya, don al'ada ce ba a fito da littafi sai babban baƙo ya buɗe na farko. Na ƙara wa igiyar ƙulli, ba zan yi ƙarya ba. Aka yi addu'a, aka yi ta jawabi. Darakta ya tashi ya ce dare da rana ya yi yana bin littafin nan layi-layi, har idonsa ya yi ciwo, don ya tsamo shi daga halaka. Ya ambaci Malam sau ɗaya, a matsayin wani malaminsa na ƙauye. Aka tafa masa, ni ma na tafa.

Aka miƙa wa alƙali ƙunshin. Ya kwance ƙyallen a hankali, ya yaba bangon, ya gyara tabarau, ya buɗe. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya kama littafin ta baya ya saki shafukan suka wuce farr a gaban mai talabijin. Sannan ya ce, kuma bakinsa yana daf da lasifika:

"Darakta, ko idona ne ya tsufa? Ban ga komai a ciki ba."

Can wani a tsakiya ya kasa riƙe dariya, ya mayar da ita tari. Darakta ya karɓi littafin yana jujjuya shi kamar rubutun zai faɗo daga wani wuri, gumi ya karyo masa duk da sanyin zauren. Ya shiga ɗaga mini hannu in kawo wani. Na tsaya ina fama da igiya, ina neman reza a jaka, na ba shi lokaci ya tsaya a can sama ya sha kallo. Da na ga ya isa, na yanke na miƙa kwafi ɗaya aka kai.

Alƙali mutum ne mai kara, ya ce ba komai, kuskuren maɗaba'a ne, yanzu dai a karanta wa jama'a labarin magatakarda da takalmi. Darakta ya shiga buɗe shafuka. Ya duba gaba, ya duba baya, ya lashi yatsa ya sake dubawa. Bai ma san an cire shi ba, shi dai ya ba da umarni a tsince na ƙauyanci ya tafi taro. Alƙali ya karɓa ya duba da kansa, fuskarsa ta canza, ya tambaya ina labarin yake. Darakta ya waiga yana neman ma'aikacinsa. Sai na tashi tsaye daga bayan zaure, na ɗaga shafukan Malam masu mai, na ce:

"Ranka ya daɗe, a wurin mai ƙosai na samo shi a tashar Jabi. Can Darakta ya aika da shi."

Tsohon ya sa aka kawo masa. Ya daɗe yana kallon tabon mai da na goro, sannan ya karanta labarin da kansa, a tsaye, mutane suna dariya suna satar kallon Darakta. Da ya iso inda takarda ta ƙare sai ya tsaya, ya juya bayanta, ya dube ni. Na ce wannan shafin ya bi wani matafiyi. Ya ajiye takardun, ya ɗauki sandarsa ya fita, bai jira an rufe taro da addu'a ba. Manyan riguna suka bi bayansa ɗaya-ɗaya.

Ba a kori Darakta ba, irinsu ba a korarsu. Amma na ji labari daga masu zuwa shagona cewa duk sanda ya kawo fayil taro sai wani ya ce a buɗe tukuna a gani. Kwalayen littafinsa sun zauna a sito har gara ta yi musu aiki. Duk wanda ya kawo mini irin wannan labari sai na saya masa lemo.

Daɗin bai kai yadda na zata ba, don bai dawo mini da shafin ba. Na koma Abaji na bi tsoffin malamai, na leƙa kabad ɗin makarantu, na aika saƙo garuruwa. An samo mini kwafi a wurare biyu, amma tsohon littafi ta farko da ƙarshe yake fara zubewa, dukkansu babu ƙarshen. Na san yadda labarin ya ƙare, alƙali ma ya sani, sai dai abin da ya faru muke tunawa, ba kalmomin ba. Mutane sun ce in rubuta da kaina, wa zai gane. Na ƙi. Wanda ya yanke wa littafi jiki da wanda ya yi masa ƙari duk ɗaya suke a wurina. Na sa aka sake rubuta littafin kaf daga shafukan da na tsinto da waɗannan kwafi biyu, aka buga da manyan haruffa yadda na yi niyya, a ƙarshe na bar shafi ɗaya fari, da layi guda a ƙasa cewa wannan shafin ya ɓace. Littafin ya karɓu, iyaye suna saya wa 'ya'yansu, na sake bugawa ba sau ɗaya ba. Kowane bugu da farin shafinsa.

Shekaru suka tura, garin ya cika ya batse, shagona ya koma na bulo. Wata rana da hantsi wani tsoho ya shigo yana dogara sanda, ya rame, babu turare. Wannan karon ni na fara gane shi. Ya gaishe ni, na amsa, na ba shi kujera, don ba a hana tsoho wurin zama. Ya ce ya yi ritaya, bana zai sauke farali, yana zagayawa neman gafarar mutane kafin jirgi ya tashi, kamar yadda ake yi. Ya ce ya yafe mini abin da na yi masa a zauren nan, ni ma in dubi Allah in dubi Malam in yafe masa.

Na san abin da ake so mutum ya ce a irin wannan wuri. Na san abin da mahaifiyata za ta ce, har abin da Malam ma zai ce. Na tashi na ɗauko kwafi ɗaya daga kanta, na buɗe masa shafin ƙarshe na ajiye a cinyarsa.

"Ka kawo mini abin da yake nan, Yallaɓai, sai in yafe."

Ya daɗe yana kallon farar takardar. Wannan ne karo na farko da na ga ya tsura wa shafin littafi ido. Sannan ya rufe, ya miƙo mini, na ce ya riƙe, kyauta ce, ya karanta a jirgi. Ya fita da shi a hammata, na bi shi da kallo har ya tsallaka titi wajen masu ƙosai.